Wace Fitila Zan Saya Don Renon Attarugu A Cikin Ɗaki?

Tambaya: Malam, ina zaune a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Saboda sanyi na shuka irin attarugu da tattasai a ɗaki, in dasa su idan ƙanƙara ta tafi. Sun tsiro amma sun yi tsawo siriri, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. A wani zauren WhatsApp an ce in sayi doguwar fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, wai ita ce ta fi kama da rana. Irin nan daga gida aka kawo min, hankalina ya tashi.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, yunwar haske ce ke damun shukarki. Nemi doguwar fitilar fulorasan samfurin T5 HO, mai ƙafa 4, wat 54, wadda aka rubuta 6500K a jikinta, wato alamar farin haske irin na rana. Guda biyu a jere sun ishi faranti ɗaya na reno. Ki rataye su santimita 5 zuwa 10 daga kan ganyen, kina ɗagawa yayin da suke girma, ki kunna awa 14 zuwa 16 a rana. Wanda ya maƙala fitila can a rufin ɗaki, idonsa kawai ya haskaka. In kuma ƙaramin ƙwai mai murɗe za ki saya, duba ainihin wat ɗin da yake ci. Wanda aka rubuta "daidai da wat 100" wajen wat 23 zuwa 26 kawai yake ci.

Sai maganar UV. Don girman Allah kada ki saye ta. Kusan kullum sai an kawo min wannan magana, kuma masu yaɗa ta ba su taɓa rainon ko tumatir ɗaya ba. A cikin kowace fulorasan akwai tururin makuri, wato zaiba, da ke fitar da hasken UV-C, wani haske da ido ba ya gani, mai nanomita 254 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Farin garin da aka shafe cikin gilashin shi ke mayar da shi hasken da ido ke gani. Ita fitilar kashe ƙwayoyin cuta ba ta da wannan garin, shi ya sa za ki ga gilashinta garau, hasken yana fitowa tsirara. Shuka tana haɗa abincinta ne da hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700. UV-C ɗin rana ma ba ya isowa ƙasa, sararin samaniya ke tare shi. To ta ina ta yi kama da rana? Ganye za ta ƙone miki, ta ƙone fata, ta ƙone ido. Muguntarta ita ce ba a jin komai a lokacin, sai bayan awa 6 zuwa 12 mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Ki tuna yara na shiga ɗakin, kuma yaro fitila yake fara kallo. Ga shi tana shiga mazaunin fulorasan na yau da kullum, don haka kuskuren ba shi da wuya. Mai tura irin wannan shawara ba tare da ilimi ba ya ji tsoron Allah, idon mutane yake wasa da shi.

Waɗanda suka riga suka zube ba za su tashi ba. Tattasan da ke tsaye ki ƙara musu ƙasa kaɗan a gindi, ki rage ban ruwa, ki sauko da fitilar yau.