An sallamo mahaifiyata bayan shanyewar ɓarin jiki: wane kulawa take buƙata a gida?

Tambaya: An sallamo mahaifiyata daga asibiti bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ta iya juyawa da kanta, kuma akwai robar fitsari a jikinta. An ce ma'aikaciyar lafiya za ta riƙa zuwa gida duba ta. Mene ne aikinta, mu kuma me ya rage mana?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, 'yar'uwa. Ma'aikaciyar za ta auna jininta da zafin jikinta, ta duba fata, ta wanke rauni idan akwai, ta canza robar idan lokaci ya yi, ta kuma tura ku wurin likita idan abin ya fi ƙarfinta. Amma zuwanta na ɗan lokaci ne, sauran yinin da daren naku ne. Tun ranar farko ku ajiye mata takardar sallama da duk magungunan, ta nuna muku yadda ake juya majinyaci, ku gwada a gabanta.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke mayar da irin Mama asibiti shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki tun waje bai nuna ba. Ku juya ta duk bayan awa 2, har da dare. A karkata ta kaɗan da filo a baya, kada ta hau kan ƙashin kwatangwalo, a sa wani filon ƙarƙashin ƙwauri domin dugadugi su tashi daga katifa. Kullum ku duba ƙasan baya, kwatangwalo, dugadugi da ƙeya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ku nemi wurin da ya yi duhu, ko ɗumi, ko tauri fiye da kewayensa. Kada ku murza shi da mai, kamar yadda mutane suka saba. Murzar na ƙara lalata naman. Ku ɗauke nauyi daga kansa, ku sanar da ma'aikaciyar. Jiƙaƙƙen zanen gado kuwa a canza shi nan take.

Wajen ɗaga ta kada a ja hannun da ya shanye, kafaɗar kan goce. A riƙa motsa gaɓoɓinta a hankali kullum yadda mai gashin ƙashi ya koyar, don kada su sandare.

Abinci sai tana zaune sosai, loma ƙanana, kuma ta ci gaba da zama minti 30 bayan ta gama. Tari ko sauyin murya lokacin haɗiya na iya nufin abinci na bin hanyar numfashi, wanda kan kawo ciwon huhu. Ku dakata, ku faɗa wa ma'aikaciyar.

Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara don kada fitsarin ya koma ciki, amma kada ta taɓa ƙasa. A zubar kafin ta cika, a wanke hannu kafin da bayan haka.

Kada ku jira ranar zuwan ma'aikaciyar idan zafin jiki ya kai digiri 38 na ma'aunin Celsius, ko fitsari ya tsaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko ta kasa farkawa sosai, a kai ta asibiti nan da nan.