Tambaya da Amsa: Leƙen Ƙasan Teku da Bututun Numfashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Argungu ne, a kogin Matan Fada na koyi iyo, har kabanci, gasar wasannin ruwa ta Argungu, na taɓa shiga. Yanzu aiki zai kai ni Jidda, abokan aiki kuma sun ce za mu je Obhur, bakin Bahar Maliya a arewacin Jidda, kallon kifi da murjani da bututun nan da ake sawa a baki. Me zan saya? Kuma akwai sauran abin da zan koya, tunda na iya ruwa? (Mai karatu daga Argungu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da sauran abin koyo, kuma gwanin kogi ya fi kowa buƙatar jin sa. A kabanci ƙarfi da riƙe numfashi ake gwadawa. A nan kuwa kwanciya ake yi ruf da ciki a saman ruwa, fuska a ciki, ana numfashi a hankali ta baki. Ruwan ma zai taimake ka: litar ruwan Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, sauran tekuna kusan 35, don haka za ka ji yana tallabe ka fiye da ruwan gida.

Kaya uku ne: gilashin fuska, bututu, da takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa. A kan gilashin za ka kashe kuɗinka. Ka gwada shi tun a shago: ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. In ya manne, naka ne. In ya faɗo, zai yi yoyo komai tsadarsa. Sabon shiga da ya ga ruwa na shigowa sai ya ƙara tamke maɗauri, wannan kuma yana murɗe robar gefen ne, yoyon ya ƙaru. Yawanci abin da ke kawo yoyon gashin baki ne ko silin gashi da ya shiga ƙarƙashin robar. Rage gashin bakin daga ƙasan hanci ya isa.

Sabon gilashi yana yin hazo saboda maiƙon da ya zo da shi daga masana'anta. Ka goge cikinsa da farin man goge baki, ka ɗauraye, ka maimaita sau biyu ko uku. Ranar shiga ruwa kuma ka tofa miyau a ciki, ka shafa da yatsa, ka ɗan ɗauraye. Ba kyan gani, amma yana aiki.

Bututu kada ya wuce santimita 40. Wasu na zaton mai tsawo ya fi, alhali iskar da ka fitar tana maƙalewa a cikinsa, ka sake shaƙarta, sai ciwon kai da haki. In igiyar ruwa ta cika shi, kada ka zabura. Ka fesar da numfashi da ƙarfi sau ɗaya kamar mai cewa "tu!", numfashin da ke biye kuma ka ja shi sannu-sannu, harshe a ɗage, don ragowar ruwan kada ya sarƙe ka. Takalma kuwa daga ƙugu ake kaɗa su, gwiwa a ɗan sake, ba kamar mai tuƙa keke ba. Hannuwa su huta a gefe.

Ga inda masu kabanci ke shiga uku. In za ka nutsa don ganin abu kusa, kada ka yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ka sauka. Yin haka yana kashe jin buƙatar numfashi, iskar jini ta ƙare ba ka sani ba, mutum ya sume a ruwan da bai fi tsayinsa biyu ba. Numfashi ɗaya mai kyau ya wadatar. Tun daga mitar farko ka toshe hanci ka hura a hankali don kunne ya buɗe. In ya yi zafi, ka hau.

Kada ka shiga kai kaɗai, kuma ka fara iyo kana fuskantar inda ruwa ke turowa, don dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. In ruwa ya ja ka zuwa tsakiya, kada ka yi kokawa da shi; ka yanka ta gefe, daidai da gaɓa, har ya sake ka. Safiya ta fi, kafin iska ta tashi.

Tambaya: Ban iya iyo sosai ba, kuma za mu je Zanzibar da maigidana. Zan iya shiga? Wane kaya ya dace da mace? (Wata baiwar Allah daga Gusau)

Amsa: Za ki iya, Hajiya, da sharaɗi. Ki sa rigar da ke hana nutsewa, wadda take yi miki aikin da gora ke yi wa masunci, ki kuma tsaya kusa da ɗan jagora ko jirgi. Kafin tafiya ki yi atisaye sau uku ko huɗu a wurin wanka na otal, inda ruwa bai wuce ƙirji ba, har ki iya minti 10 fuska a ruwa ba ki ɗago ba. Kada ki yi a tafki ko kududdufi, can ake kwaso tsargiya.

Akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki har kai. Su za ki nema. Hijabi mai faɗi ko abaya suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa. Rufe jikin ma riba ce, domin rana tana ƙona baya da sha-raɓa mutum bai ji ba sai dare. A gabashin tsibirin ruwa yana janyewa da nisa, a nan ake taka wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, saboda haka kada ki yi tafiya ba takalmi.

Tambaya: Zan iya ɓallo ɗan murjani in kawo tsaraba? (Ɗalibi daga Yawuri)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Abin da ka gani kamar dutse ƙananan dabbobi ne masu rai, manyan dunƙulen kuma ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. A Masar doka ta hana ɗauka, wurare irin Ras Muhammad a kare suke tun 1983. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya wani iri ne daban, daga Bahar Rum aka fi samo shi.

Taɓawar ma haɗari ce gare ka. Akwai murjanin wuta mai ƙuna, akwai kifin dutse da ke lafewa a ƙasa da dafi a ƙayoyin bayansa. Wanda ya taka shi a tsoma ƙafar a ruwan zafi da fata za ta jure, kamar digiri 45, na aƙalla minti 30, a garzaya asibiti. Yankan murjani kuwa, ko ƙarami ne, a wanke shi tas da sabulu da ruwa mai tsafta a ranar, don ɓurɓushin da ke maƙalewa ciki yana sa ya ruɓe.