Bam mai ƙurar nukiliya: me za a fara yi?

Malam, ka tambaya ko ƙwayar potassium iodide za ta kare mutum idan 'yan ta'adda suka tayar da bam mai watsa ƙurar nukiliya. Ba ta isa ba. Halittar thyroid da ke maƙogwaro kaɗai take karewa, kuma daga gubar sinadarin iodine na nukiliya kawai. Idan wani sinadarin nukiliya mai suna cesium-137 ne a cikin ƙurar, maganinsa Prussian blue ne, mai taimakawa wajen fitar da shi daga jiki, wanda likitoci suka ba mutanen Goiania a Birazil a hatsarin watsuwar wannan sinadari a 1987.

Abin da ke hannunka ya fi ƙwayar amfani. Toshe hanci da baki da ƙyalle, ka shige tsakiyar gini mai kaurin bango, ka rufe tagogi, ka kunna rediyo. Tuɓe kayan sama a hankali, kada ka kakkaɓe su, ka ɗaure a leda. Wannan kaɗai kan rage kusan kashi 90 na ƙurar. Sai wanka da sabulu, ban da dirzar fata.

Mai zubar da jini kuwa, fara tsayar masa da jinin, kada tsoron ƙurar jikinsa ya hana ka. Wanda ya soma amai cikin awa biyu, a garzaya da shi asibiti.