Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan kuɗin ƙungiya

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce wata takwas ke nan da kama aikinka, kullum sai an zaftare kuɗin ƙungiyar ƙwadago daga albashinka kafin alat ya shigo, ba ka san inda suke tafiya ba, kuma wai ko ciyaman albashi yake ɗauka a ciki. Na ga wasu har sun yanke maka hukunci, wai duk ɓarayi ne ka haƙura. To ni na riƙe sakataren kuɗi na reshenmu a nan Gombe shekara huɗu, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Kuɗin nan ba a hannun ciyaman na reshe suke fara sauka ba. Ofishin da ke biyan albashi shi ke cirewa tun daga sama ya tura wa ƙungiya, haka dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta tanada. Daga can sai a shiga rabo, hedikwata ta ɗauki nata, ta miƙa wa NLC ko TUC, wato manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, nasu gwargwadon wadda take ƙarƙashinta, jiha ta ɗauka, ɗan abin da ya rage shi ke gangarowa reshe. Kason kowa yana rubuce a kundin tsarin mulkin ƙungiyarku, kowace da nata lissafin, shi ya sa kafin ka yi faɗa da kowa ka nemi kundin nan ka karanta tukunna. Mu a lokacinmu sai a yi wata uku kasonmu bai sauko ba, a yi wa mamba rasuwa mu rasa ko kuɗin man zuwa Kumo ta'aziyya, sai mun haɗa daga aljihu, amma mutane suna ganinmu da hular kwamared suna cewa mun ƙoshi.

Batun albashi kuma, zaɓaɓɓen ciyaman na reshe ma'aikaci ne kamarka, albashinsa inda naka ke fitowa nan nasa ke fitowa. Waɗanda ƙungiya ke biya albashi su ne waɗanda ta ɗauka aiki, irin su cikakken sakatare, direba, maigadi. Amma fa akwai alawus, kuma wallahi a nan gizo ke saƙar. Alawus na zama, na tafiya Abuja, kuɗin mai, kuɗin kati, kuɗin kwana, kowanne in ka gan shi shi kaɗai bai kai ya kawo ba, sai ka tara na shekara ka ga ya haɗiye rabin abin da ya shigo.

Ba na manta wani zama da muka yi ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis, mu tara ne, na ƙirga da kaina don ni na sayo lemo. Washegari aka kawo min takardar halarta in fitar da alawus, sai ga suna goma sha huɗu, biyar na ƙarshe biro ɗaya, hannu ɗaya, har da wani da na san yana kwance ba lafiya a Bajoga. Na ce ba zan sa hannu ba. Sati biyu ana gaisawa da ni da ƙyar, wai na cika tsauri kamar kuɗin gadona ne. Su mutanen nan ba su ɗauke shi sata ba fa, a wajensu ɗan ihsani ne, kuma haka asusu ke tsiyayewa, ba wanda ya kwashi miliyan rana guda balle a kama shi. Hular ranar ma'aikata da ake sawa a filin wasa na Pantami ma, ka tambayi guda nawa aka rubuta a rasit, guda nawa aka raba.

Abin da mutane ba sa kula da shi shi ne jerin sunayen mambobi. Da shi ake lissafin kason reshe, da shi ake ware wakilan zaɓe. Da na karɓi namu na tarar da waɗanda suka yi ritaya, da mamata Allah ya jiƙan su, sababbin ɗauka irinku kuwa ana cire musu kuɗi amma ba sunansu. Ka je ka duba ko kana ciki. Sannan yawanci kaso ne na albashi ake cira, to tunda mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, abin da ke shiga ƙungiya ma ya kamata ya tashi, in rahoton kuɗi ya nuna yana nan yadda yake sai ka ce a yi maka bayani.

Wani ya ce ka fita kawai. Gaskiya ne tun gyaran dokar 2005 zamanin Obasanjo shiga ƙungiya ganin dama ne, kana iya rubuta takarda a daina cire maka. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba, don ranar da tantancewa ta tsallake sunanka albashi ya tsaya, za ka gane bambancin wanda ya je ofis shi kaɗai da wanda ciyaman ya raka.

Doka ta ɗora wa kowace ƙungiya mai rajista ta riƙa kai lissafinta na shekara wajen magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, bayan odita ya duba, saboda haka neman ganin lissafi ba rashin kunya ba ne. Matsalar mu ne, a kira babban taro mutum ashirin ba su cika ba, amma ranar rabon shinkafar azumi layi har titi. In taronku ya zo ka tafi da takardar albashinka ta wata uku, ka ja abokan aiki biyu ko uku don kar a ce turo ka aka yi, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe a karanta mana takardar banki, ba wadda aka rubuta da hannu ba.