Amsa ga mai tambayar wane abin zuƙe majina za ta saya wa jaririnta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce ɗanki bai cika wata uku ba, tun da iskar hunturu ta taso hancinsa ya toshe, yana kama nono yana saki yana kuka, dare kuma babu barci. Kin shiga famasi a nan Garwa an nuna miki mush-bebe, wato abin zuƙe majinar jariri, iri uku, na roba mai kumburarren ciki, da mai tiyo wanda ake zuƙa da baki, da mai batir, kin rasa wanda za ki ɗauka. A gida kuma ana cewa ki shafa masa man zafi, ko ki tsotse majinar da baki yadda iyaye suka saba.

Mai tiyon za ki saya. Amma kafin ki biya kuɗinsa ki fara sayen kwalin serom, wato ruwan gishirin nan da ke cikin ƙananan robobi na mililita 5, wanda aka rubuta sérum physiologique 0,9% a jikinsa. Idan kuɗin hannunki na abu ɗaya ne, serom ɗin za ki ɗauka ki bar abin zuƙar, domin shi ne yake yin aikin. A wannan lokaci, daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, iska busasshiya ce ga ƙura, majina tana daskarewa ta zama tasono ta manne a cikin hanci. Ko wace irin na'ura kika sa wa busasshiyar majina ba za ta fito ba, sai dai ki goge wa yaro cikin hanci har ya yi haɓo. Sai an jiƙa ta tukuna.

Abin da ya sa yake sakin nono shi ne, jariri a watanninsa na farko kusan da hanci kaɗai yake numfashi, kuma idan nono yana bakinsa ba shi da wata hanyar iska. Ƙofofin ƙanana ne, bai kuma iya fyacewa ba. To amma ki sani ba duk toshewar ce majina ba. Wani sashenta kumburin fatar cikin hanci ne da mura ke kawowa, shi kuwa ba a zuƙe shi. Nan ne uwaye da yawa suke ɓata lamarin: an zuƙa, ana jin hancin yana ƙara har yanzu, sai a sake, a kuma sake, fatar ta ƙara kumbura, yaro ya wayi gari ya fi jiya toshewa. Sau 3 zuwa 4 a yini ya isa, kada ki wuce haka. Serom kuwa kina iya ɗiga masa fiye da haka ba tare da zuƙa ba.

Na roban nan mai kumburarren ciki shi ne mafi araha, yana kuma aiki idan majinar mai ruwa ce. Aibinsa biyu ne. Ba ki ganin cikinsa, ba ki iya sa hannu ki wanke, ruwa yana kwana a ciki har ya yi fumfuna, gobe ki matsa ki kai wannan dattin ƙofar hancin yaro. Sannan ƙarfin zuƙarsa ba a hannunki yake ba, da kin saki ya ja sau ɗaya shi ke nan. Idan shi kaɗai kika samu, ki nemi wanda ake buɗewa gida biyu, mai gajeren baki mai kauri wanda zai tsaya a ƙofar hanci. Kada ki karɓi mai dogon baki siriri, wannan na wanke kunne ne, yaro yana juya kai zai soki tsakiyar hancinsa. Kuma ana matse shi ne tun yana waje, a sa bakin a ƙofar hanci, sannan a saki a hankali. Wadda ta sa shi a hanci sannan ta matsa, iska ta hura wa ɗanta, ta tura majinar can ciki.

Mai batir ba laifi gare shi ba, sai dai tsadarsa ta fi amfaninsa. Masu arhar cikinsu ba su da ƙarfi, batir yana raguwa zuƙar tana raguwa, ƙararsa tana firgita wasu yaran, idan kuma na caji ne kin san yadda wuta take yi mana, da tsakar dare za ki neme shi ki tarar babu caji. In bakin robarsa ya yage, samun wani aiki ne.

Mai tiyo sassa huɗu gare shi: bakin da ke taɓa hancin yaro, wanda a cikinsa majinar ke taruwa, sai matata ta soso ko auduga a bayansa, sai tiyon, sai ɗan bakin da ke shiga naki bakin. Na fifita shi saboda ke ce mai iko da ƙarfin zuƙar, kina ganin abin da ya fito da launinsa, kuma kowane sashe yana cirewa a wanke. A famasin ki sa a buɗe miki ki duba da idonki. Robar ta zama mai haske da ake hango ciki, bakin ya zama mai laushi marar kaifi a gefe, ki sa ɗan yatsa ki shafa ki ji. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta matata: suna sayar da ƙarinta? Wasu, irin na Prorhinel, bakin gaba ɗaya ake jefarwa bayan an yi amfani da shi, dole ki riƙa sayen sabo. Wasu kuwa bakin ana wanke shi, auduga mai tsabta kawai za ki cusa a ciki kowane lokaci. A wurinmu wannan na biyun ya fi dacewa, domin kayan famasi yau akwai gobe babu, audugar kuwa ba ta yankewa. Kada ki cusa ta da yawa har iska ta kasa wucewa, kada kuma ki zuƙa babu ita.

Ga yadda za ki yi. Ki zaɓi lokacin da cikinsa ba a cike yake ba, kamar minti 10 ko 15 kafin shayarwa, da kuma kafin barcin dare. In kika yi bayan ya ƙoshi zai yi tumbuɗi ko amai. Ki wanke hannu da sabulu, ki naɗe shi da zanin goyo har hannayensa su shige ciki, domin hannun nan da yake kaiwa da juya kai su ne ke jawo rauni. Ki kwantar da shi, ki ɗiga serom ɗigo 2 ko 3 a kowace ƙofa, ki jira rabin minti zuwa minti ɗaya. Wannan jiran kada ki tsallake shi. Sau da yawa a nan zai yi atishawa, majinar ta fito da kanta, ki share da tsumma mai laushi, ba sai kin zuƙa ba. Idan ba ta fito ba, ki ɗora bakin abin a ƙofar hanci ya toshe ta, ba tura shi ciki za ki yi ba. Ki karkata bakin abin wajen bayan kai da ɗan gefen kunci, kada ya kalli sama ko ya jingina da tsakiyar hanci, don nan ne jijiyoyin jini suke a fili. Ki zuƙa a hankali, ja ɗaya mai tsawo na daƙiƙa kaɗan, ki bar shi ya numfasa, sannan ki koma ɗaya ƙofar. Zai yi kuka, ba ciwo yake ji ba, riƙon ne da baƙon abu a hanci. Kina gamawa ki ɗaga shi ki sa masa nono. Alamar an yi nasara ita ce ya sha ba ya saki, ko da hancin bai daina ƙara ba.

Akwai kuma wankin hanci da ake koyarwa a asibitoci, wanda idan majinar ta yi kauri ya fi ɗigawa. Ana kwantar da yaro a gefensa, a riƙe kansa a karkace, a matsa serom ɗin a ƙofar da ke sama, ruwan ya zagaya ya fito ta ƙofar ƙasa da majinar, a jira ya haɗiye abin da ya gangara maƙogwaro, sannan a juya shi ɗaya gefen. Hanya ce mai kyau ƙwarai, amma ki sa nas ko ungozoma ta nuna miki sau ɗaya kafin ki yi ke kaɗai. Ba a yin sa yaro yana rigingine kansa ya koma baya, zai ƙware.

Ki kula da robobin serom ɗin nan. Akwai magungunan wanke ciwo da na cibiya, irin su chlorhexidine, da suke zuwa a cikin ƙananan robobi masu kama da su sak, kuma an sha kuskure a ɗiga su a hanci ko idon jariri. Ki karanta jikin robar kowane lokaci, ko da dare ne ki haska, kuma ki raba musu wurin ajiya. Wadda kika buɗe kada ta wuce yini ɗaya. Idan serom ya yanke miki a ƙauye, ana haɗa shi a gida: gishiri giram 9 a ruwa lita 1, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe ba a tsiri ba, a tafasa ruwan sosai, a bar shi ya huce a rufe, washegari a zubar a haɗa sabo. Gishirin in ya yi yawa yana zafi yana ƙara busar da hanci, don haka na famasi ya fi.

Wanki kuwa bayan kowane amfani ne: ki warware sassan, ki jefar da audugar, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki ɗauraye da tafasasshen ruwa, ki rataye tiyon ya tsane, ki rufe da tsumma mai tsabta saboda ƙura. Kada a ara wa maƙwabta, kada kuma a yi wa yayansa da bakin da aka yi masa.

Batun man zafi, don Allah kada ki shafa. Rob da Vicks da danginsu akwai kafur da mentol a ciki, ba a yi su don ɗan ƙasa da shekara 2 ba, suna iya ƙara masa majina su wahalar da numfashinsa, balle a ce a ƙofar hanci aka shafa. Haka man kaɗanya ko man shanu ko basilin, kada a ɗiga ko a cusa a cikin hanci, domin mai yana iya gangarawa huhu. Maganin ɗigon hanci na manya mai buɗe hanci nan take, irin mai xylométazoline ko naphazoline, haɗari ne ga jariri. Ruwan maganin tari ma haka. A Faransa tun 2010 aka hana ba ɗan ƙasa da shekara 2 masu narkar da majina irin su carbocistéine, kuma su ne ake yawan miƙo wa mutum a kan tebur a kasuwa. Zuma sai ya shekara. Ruwa ko jiƙo ba ya buƙata, nono dai, kaɗan-kaɗan akai-akai, shi ne ke sa majinar ta saki. Tsotsa da baki da iyaye suke yi, tausayi ne ya sa su, kuma tunanin daidai ne, shi ne ma aikin da mai tiyon yake yi. Bambancin shi ne baki da hanci ba sa haɗuwa, ƙwayoyin cutar bakin babba ba sa shiga hancin yaro. Ki nuna wa su Inna shi ta wannan fuskar, za su fi saurin karɓa. Tsinken auduga na kunne ma kada ya shiga hancinsa. Tasonon da ke bakin ƙofa ki murza auduga ta yi tsini, ki jiƙa da serom, ki ɗauke shi da ita.

Ki duba ɗakin ma. Turaren wuta, kaskon gawayi da ake shigarwa saboda sanyi, maganin sauro na kunnawa, hayaƙin murhu da na sigari, duk suna toshe hancin jariri ko babu mura. Ki turara kayanki a waje, ki sa gidan sauro, ki yayyafa ruwa kafin shara kuma yaro ba ya ciki. Jiƙaƙƙen tawul da aka rataye a ɗaki yana rage bushewar iska. Barci kuma a rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. In kina so kansa ya ɗaga, ki riƙe shi a kafaɗa kina farke.

Yanzu abin da ya fi duk wannan: ki tabbata matsalar a hanci ta tsaya. Bayan kin wanke hancin, ya natsu ba ya kuka, ki buɗe ƙirjinsa ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Ɗan ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 har ya shekara, 50 ko fiye ya yi yawa, kuma naki a nan yake idan ya cika wata 2. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa, idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, ko yana nishi, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko numfashin yana ɗaukewa, wannan ciwon ya sauka ƙirji, mush-bebe ba zai yi komai ba. Haka idan ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, tunda bai kai wata uku ba, asibiti za ki kai shi a ranar ko dare ne, kada ki ba shi magani ki jira safiya, a can za su duba shi su yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Idan nonon da yake sha bai kai rabin wanda ya saba ba, ko fitsari ya ragu, ko ya yi laushi da wuyar tashi, ko ya yi jijjiga, duk hukuncinsu ɗaya.

Majinar da ta koma ruwan ɗorawa ko kore bayan kwana biyu ko uku ba ita kaɗai ce ke nuna ana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, haka mura take tafiya, kuma takan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma. Idan ta wuce haka ba sauƙi, ko kin lura kullum ƙofa ɗaya ce a toshe tun haihuwa, ki kai shi a duba. In kin saya ki turo hoton sassansa a nan, sai a nuna miki inda audugar take shiga. Allah ya raya mana shi.