Tambayoyinku kan Fasaha: Manhajar Haɗin Gwiwa da Ke Yawan Rushewa

Assalamu alaikum Malam. Mu bakwai ne muke aikin wata manhaja a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod su yi aiki tare), kuma kod ɗinta a buɗe yake ga kowa. Kusan duk mako sai wani ya tura gyara, washegari manhajar ta ƙi harhaɗuwa a hannun sauran. In an tuntuɓe shi sai ya ce, "Ai a kwamfutata lafiya lau take." Ina mafita?

Wa alaikumus salam. Da gaskiyarsa, a kwamfutarsa tana aiki, sai dai kwamfutarsa ba ta isa shaida ba. Ɗauki misali: ya ƙirƙiri fayil ya sa masa suna `Config.js`, a cikin kod kuma ya rubuta `config.js`. Windows da macOS, yadda suke zuwa, ba sa bambance babban harafi da ƙarami a sunan fayil. Linux na bambancewa, don haka mai Linux zai ga an ce babu fayil ɗin. Ko kuwa ya manta bai yi `git add` ga sabon fayil ba (umarnin da ke sa Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren kod, ya san da fayil ɗin), yana nan zaune a kwamfutarsa shi kaɗai.

Maganin shi ne ku naɗa alƙali guda wanda bai san sani ko sabo ba. Ku rubuta fayil a cikin `.github/workflows/` da zai sa GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da ayyuka da kansa, ta ɗauko kod ɗin a sabuwar na'ura fil, ta harhaɗa, ta gudanar da gwaje-gwaje duk lokacin da wani ya nemi a shigar da gyaransa. Ga ma'ajiyar kod da ke buɗe ga jama'a, wannan kyauta ne. Sannan ku kulle babban reshe, wato `main`, kwafin kod ɗin da kowa ke haɗa gyaransa a ciki: kada kowa ya tura kai tsaye, kuma kada a haɗa gyara sai gwajin ya nuna kore, alamar an ci. Dokar ta hau kan shugaban aikin ma. Galibi daga wajensa ɓarnar ke fitowa, da sunan "ƙaramin gyara ne, layi ɗaya".

Mun yi haka, amma an taɓa samun gyara biyu da kowanne ya ci gwaji, da aka haɗa su sai komai ya tsaya. Ta yaya?

Wannan ita ce ta fi ruɗa mutane. A ce ɗaya ya canza sunan wani aiki (function) a cikin kod daga `lissafa` zuwa `lissafaKudi`, ya bi ko'ina ya gyara. A daidai lokacin ɗayan ya rubuta sabon fayil da ke kiran `lissafa`. Kowannensu an gwada shi da babban reshe na jiya, inda komai ke daidai. Git kuwa layuka yake dubawa, ba ma'ana ba. Tunda ba layi ɗaya suka taɓa ba, sai ya haɗa su shiru. Yanzu sabon fayil na kiran sunan da babu shi.

Masu Rust, wani yaren rubuta manhaja, sun daɗe da toshe wannan ƙofa. Graydon Hoare, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya kawo wani mutum-mutumin manhaja mai suna bors. Aikinsa ya jera gyare-gyaren a layi, ya haɗa kowanne da babban reshe na wannan lokaci a wani wuri daban, ya gwada, in ya ci sannan ya shigar. A 2023 GitHub ta saki irin wannan layin haɗawa nata. Ku da kuke mutum bakwai ba lallai ku kai can ba. Ku kunna sharaɗin da ke cewa dole reshe ya ɗauko sabon abin da ke `main` kafin a haɗa shi. Hakan zai sa a sake gwaji a kan haɗakar ta gaskiya.

Wani lokaci ba wanda ya taɓa komai, amma gwajin ya koma ja.

To kod ɗin wasu da kuka dogara da shi ne ya motsa. In `package.json`, fayil ɗin da ke jera kod ɗin wasu da kuke amfani da shi, ya ce siga `^2.1.0`, npm (manhajar da ke ɗauko muku kod ɗin) na da izinin ɗauko 2.4.0 ranar da ta fito. Ku shigar da `package-lock.json`, fayil ɗin kullewa da ke rubuta ainihin sigar kowanne, cikin ma'ajiya, kuma a na'urar gwaji ku yi amfani da `npm ci` maimakon `npm install`, domin shi abin da ke rubuce a fayil ɗin kullewa kawai yake ɗauka. Haka ku ƙayyade sigar Node, manhajar da ke gudanar da kod ɗin, sannan wajen zaɓar na'urar gwaji ku rubuta `ubuntu-24.04` a madadin `ubuntu-latest`.

Kullewa ba ta maganin abin da aka cire ɗungurungum. A watan Maris na 2016 mai wani ƙunshin kod da ake kira left-pad, layi 11 kacal, ya janye shi daga npm, manhajojin da suka dogara da shi, irin su Babel, suka kasa harhaɗuwa. Bayan nan npm ta tsaurara dokar janye ƙunshi.

In manhajar ta riga ta rushe, a jira mai laifin ya gyara?

A'a. Ku janye gyaran da `git revert` nan take, a yi maganar daga baya. Umarnin ba ya goge tarihi, sabon rubutu (commit) yake ƙarawa a tarihin da ke warware na baya, kuma mai gyaran zai iya dawo da shi in ya daidaita. In rubutun na haɗe rassa ne, a ƙara `-m 1`. Mozilla da Chromium suna da masu gadi na musamman da ke wannan aiki, har su rufe shigar da sabon gyara sai reshen ya koma kore. Ku ma ku yi karɓa-karɓa, mako-mako.

In ba a san wane gyara ba ne, `git bisect` zai gano shi. Ka nuna masa inda ke da kyau da inda ya lalace, ya riƙa raba tsakiya. Cikin gyara 1,000 gwaji kamar 10 ya isa. Gwajin da ke ci yau ya faɗi gobe ba dalili kuma, kada ku saba da danna "sake gwadawa". Ku ware shi gefe, ku buɗe masa rahoto, ku duba ko yana dogara da agogo, da intanet, ko da jerin da gwaje-gwajen ke bi.