Ɗana Na Koyi da Lauyan da Ya Kare Sojojin Abokan Gaba

Tambaya: Barista, ɗana yana shekarar ƙarshe a karatun lauya. Kullum zancensa John Adams, wai ya kare sojojin Ingila da suka harbe mutanen garin su Adams, kuma daga baya ya zama shugaban Amurka. Hankalina ya tashi. Da maciyin amana ɗana zai yi koyi? Wata uwa ce daga Zariya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Adams bai ci amanar kowa ba.

A daren 5 ga Maris 1770, jama'a suka yi wa wasu sojojin Ingila ƙawanya a titin King da ke birnin Boston na Amurka, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila, ana jifarsu da ƙanƙara da sanduna. Sojojin suka buɗe wuta, mutum biyar suka mutu. Gari ya ɗauki zafi. Wani maƙerin azurfa mai suna Paul Revere ya buga wani zane da ya nuna sojojin a jere suna harbi bisa umarni, zanen ya zagaye gida-gida, mutane suka yanke hukunci tun kafin alƙali ya zauna. A wannan yanayi Adams, mai shekara 34, wanda kowa ya san adawarsa da harajin Ingila, ya karɓi aikin kare sojojin tare da wani lauya mai suna Josiah Quincy.

A kotu aka kasa tabbatar da cewa Kyaftin Thomas Preston, shugaban sojojin, ya ba da umarnin harbi, aka sallame shi. Cikin sojoji takwas, shida suka kuɓuta. Biyu, Hugh Montgomery da Matthew Kilroy, aka same su da kisan da ba na ganganci ba, aka yi musu tambari da ƙarfe mai zafi a babban yatsa. Shaidar da ta fi taɓa ni ita ce ta likitan Patrick Carr, ɗaya daga cikin mamatan. Ya ce Carr, a gadon mutuwarsa, ya faɗa masa sojojin kare kansu suka yi. Da ba lauya, wa zai kawo wannan magana gaban kotu?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan, Hajiya. Kusan kullum sai an tare ni a harabar kotu: "Barista, ba ka tsoron Allah, kana kare ɓarawo?" Wa ya ce ɓarawo ne? Wani da ya tura murya a WhatsApp? Zargi daban, tabbatarwa daban. Lauya ba ya rantsuwa cewa wanda yake karewa waliyyi ne. Aikinsa ya tilasta wa mai ƙara ya kawo hujja, kuma ko a shari'ar Musulunci hujja tana wuyan mai da'awa ne. Sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, yana kuma da 'yancin ɗaukar lauya. Wannan gurguwar fahimta ce ke sa a yi ihun "ɓarawo" a kasuwa, kafin 'yan sanda su iso an rataya wa bawan Allah taya. Na ga iyayen da suka yi ta zagin lauyoyi, ranar da aka kama ɗansu bisa ƙazafi suka zo ofishina da asuba suna kuka.

Shi Adams, mutanensa ba su yasar da shi ba. Yana cikin kwamitin da ya tsara shelar 'yancin kan Amurka a 1776, ya rubuta tsarin mulkin jiharsa ta Massachusetts na 1780, ya yi mataimakin shugaban Amurka na farko, George Washington, shekara takwas, sannan ya shugabanci Amurka daga 1797 zuwa 1801. Yana da tabonsa: dokar 1798 da ya sa wa hannu ta kai 'yan jarida kurkuku saboda sukar gwamnati, wannan kam kada ɗanki ya ɗauka.

Idan ya dawo hutu, ki ja masa kunne kan abu biyu, su ne ke halaka lauya: sayen shaidar zur da yi wa kotu ƙarya. Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa.